Tabar Wiwi Tsakanin Ikon Jiha Da Ikon Tarayya: Duba Daga Ƙasar Damari



Sa'ad da aka nemi in yi magana a kan dokar tabar wiwi, na daɗe ina jinjina al'amarin, domin magana ce wadda mai mutunci ba ya so a ji ta a bakinsa. A ƙasar Hausa in aka ce wa yaro ɗan wiwi, to an gama zaginsa, an kuma haɗa da gidansu. Amma masu iya magana sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da ya shiga gidajenmu, ya shiga makarantunmu, ya kuma cika gidajen yarinmu, ya cancanci a zauna a duba shi da idon basira a zaure irin wannan.

Na zaɓi in dubi maganar daga ƙasar Damari, can kudancin Jihar Katsina, inda ƙananan hukumomin Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara suke maƙwabtaka da dazuzzukan Birnin Gwari da na Zamfara. Dalilina shi ne, doka a ƙauye ake gane ingancinta. A babban birni akwai kotu, akwai lauya, akwai asibiti, saboda haka ko doka ta yi gurguntaka ana samun abin tallafa mata. A ƙauyen da ya yi nisa da waɗannan abubuwa kuwa, doka tsirara take zuwa, sai a ga iyakar abin da za ta iya.

A 'yan shekarun nan ana jin ra'ayi iri biyu a bakin ɗalibai da ma'aikata. Wasu suna cewa tun da jihohin Amurka sun halatta wiwi don magani, har wasu don nishaɗi, suna kuma tara haraji da ita, me zai hana jihohinmu su bi sahu? Wasu kuma suna cewa tun da ƙwaya da wiwi suna cikin abubuwan da ke rura wutar ta'addanci a dajin kudancin Katsina, me zai hana Majalisar Dokokin Jiha ta yi doka mai tsanani, ko da ta kisa ce? Ra'ayoyin nan biyu kishiyoyin juna ne, amma tushensu ɗaya, watau zaton cewa jiha tana da ikon yanke wannan hukunci. Abin da nake so in nuna yau shi ne ba ta da shi, sa'an nan in nuna abin da yake hannunta, wanda a ganina ya fi wancan amfani ga mutumin Damari.

Ganyen Da Abin Da Ke Cikinsa

Kafin a yi maganar doka, ya kamata a san abin da ake yi wa dokar. Wiwi tsiro ne mai sinadarai da yawa, amma biyu ne suka shafe mu. Na farko shi ne wanda masana ke taƙaita sunansa da THC, shi ne mai juya hankali. Masanin sinadarai Raphael Mechoulam da abokin aikinsa ne suka ware shi, suka bayyana siffarsa a 1964. Na biyu shi ne CBD, wanda ba ya bugarwa, kuma a kansa ne mafi yawan maganar magani take. Irin wiwin da ake nomawa don zare da mai yana da THC ɗan kaɗan ƙwarai, irin da ake nomawa don busawa kuwa an yi ta zaɓen irinsa har ƙarfinsa ya ninka na da. Kada kuma a rikita shi da ramar da manomanmu ke shukawa a bakin gona don igiya da kwaɗo. Ganyensu ya yi kama, amma ba dangi ba ne.

Game da illarsa, abin da likitoci suka tabbatar yana da iyaka, kuma ya isa abin tsoro ba sai an yi ƙari ba. An ƙiyasta cewa cikin mutum goma da suka fara sha, kamar ɗaya yakan kamu har ya kasa bari, in kuwa tun yana ɗan saurayi ya fara, abin yakan kai ɗaya cikin shida. Wani bincike da aka buga a 2019, wanda aka gudanar a wurare 11 na Turai da Barazil, ya nuna cewa mai sha kullum ya fi wanda bai taɓa sha ba haɗarin taɓuwar hankali kamar sau uku, in kuma mai ƙarfin yake sha, kusan sau biyar. Wannan ba sabon labari ba ne a ƙasarmu. Tun 1964 Dokta Tolani Asuni na Asibitin Aro da ke Abekuta ya yi rubutu a kan masu shan wiwi da ake kawowa asibitinsa.

Yadda Dokarmu Ta Faro

Ana yawan cewa sojojinmu da suka dawo daga Indiya da Bama bayan Yaƙin Duniya na Biyu su ne suka yaɗa shan wiwi a Nijeriya. Ko ma yaya ne, dokar ta riga su, domin tun 1935 Turawan mulki suka kafa dokar miyagun ƙwayoyi, suka sa wiwi a ciki, bisa bin yarjejeniyoyin ƙasashen duniya na wancan zamani.

Tsanani na sosai ya zo ne a 1966, lokacin mulkin Janar Aguiyi Ironsi, da Dokar Soja mai lamba 19. Dokar nan ta tanadi kisa ko ɗaurin shekara 21 ga wanda ya noma wiwi, da ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ga wanda aka kama da ita ko yana sha. A 1975 aka ga abin ya yi yawa, aka sassauta, har hukuncin mai sha ya sauko zuwa wata shida ko tara. A 1984, zamanin Janar Muhammadu Buhari, aka sake ɗaure igiyar, aka mai da hukuncin mai sha shekara huɗu zuwa sama. A wannan shekara ce kuma aka yi Dokar Soja mai lamba 20, wadda a ƙarƙashinta aka harbe mutum uku a Legas a watan Afrilu na 1985 saboda hodar iblis. Daga nan sai Dokar Soja mai lamba 48 ta 1989, zamanin Janar Ibrahim Babangida, wadda ta kafa hukumar NDLEA, ta kuma tanadi ɗaurin rai da rai ga mai nomawa ko shigowa da miyagun ƙwayoyi, da shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka kama da su.

To, bayan wannan duka, ina aka kwana? A 2018 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi da laifuffuka, ta gudanar da bincike a duk faɗin ƙasar nan, aka fitar da sakamakonsa a watan Janairu na 2019. An samu mutum miliyan 14 da dubu 300, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da wata ƙwaya a cikin shekarar da ta gabaci binciken. Daga cikinsu miliyan 10 da dubu 600 wiwi suka sha. A shiyyarmu ta Arewa maso Yamma, an samu kashi 12 cikin ɗari, watau wajen mutum miliyan uku.

Ina roƙon ɗalibai su riƙe waɗannan alƙaluma. Shekara 52 ke nan tsakanin dokar kisa ta 1966 da wannan bincike. In da tsananin hukunci kaɗai yana hana sha, da tuni an manta da sunan wiwi a Nijeriya. Kuma babu gidan yarin da zai ɗauki mutum miliyan goma. Dokar da ba za a iya zartar da ita a kan kowa ba, a kan marar gata takan ƙare, shi ya sa za ka tarar da ɗan acaɓa da ɗan dako a tsare saboda ƙulli ɗaya, mai lodin mota kuwa yana gidansa.

Jihohin Amurka Da Jihohin Nijeriya

Yanzu mu koma ga masu kafa hujja da Amurka. Gaskiya ne a 1996 mutanen Jihar Kalifoniya suka jefa ƙuri'a suka halatta wiwi don magani. A 2012 jihohin Kolorado da Washinton suka halatta ta ga baligi ɗan shekara 21 don nishaɗi. Zuwa ƙarshen 2023 jihohi 24 sun bi wannan hanya, kuma a 2019 Kolorado ta ba da sanarwar cewa kuɗin da ta tara daga harajin wiwi ya wuce dala biliyan ɗaya. Ba ko'ina abin ya karɓu ba, domin a 2024 an kai maganar gaban mutanen Fulorida, ba ta sami kashi 60 cikin ɗari da ake bukata ba.

Abin tambaya shi ne, yaya jihohin nan suka iya yin haka alhali dokar tarayyarsu ta 1970 ta sa wiwi a ajin ƙwayoyi mafi haɗari? Amsar tana cikin tsarin mulkinsu. A can, kowace jiha tana da kundin laifuffukanta, da 'yan sandanta, da kotunanta, kuma mafi yawan kamen masu wiwi su ke yin sa. Kotun Ƙolinsu ta yanke a 2005, a shari'ar Gonzales da Raich, cewa gwamnatin tarayya tana da ikon hukunta mai wiwi ko da jiharsa ta halatta masa. Sai dai tarayya ba ta da ikon tilasta wa 'yan sandan jiha su yi mata wannan aiki. Saboda haka abin da jihohin suka yi shi ne janye hannunsu, tarayya kuwa ba ta da isassun ma'aikatan da za su bi kowane gida.

Namu tsarin dabam yake. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya jera abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke da ikon yi wa doka, kuma abu na 21 a jerin shi ne ƙwayoyi da guba. Sashe na 4 ya ce in dokar jiha ta ci karo da ta tarayya, ta tarayya ce a sama, ta jiha ta faɗi gwargwadon saɓanin. Sashe na 251 ya ba Babbar Kotun Tarayya hurumin shari'ar ƙwayoyi, sashe na 214 kuma ya kafa rundunar 'yan sanda guda ɗaya ga ƙasa duka. Ke nan ko da Majalisar Dokokin Jihar Katsina ta zauna gobe ta halatta noman wiwi, takarda kawai ta ɓata. Haka nan in ta ce a kashe mai sayarwa, ta shiga gonar da ba tata ba.

Mun ga misalin wannan a Jihar Ondo, wadda dazuzzukanta, tare da na Edo da Osun da Ekiti da Delta, suka yi suna wajen noman wiwi a ɓoye. A 2019 gwamnanta na lokacin, marigayi Rotimi Akeredolu, ya je ƙasar Tailan don ganin yadda suke noman wiwi na magani, ya dawo yana kira a ba da dama. Babban lauya ne, ya san iyakar ikonsa, saboda haka Gwamnatin Tarayya ya roƙa, bai kai wa majalisar jiharsa ƙuduri ba. Tsakanin 2020 da 2023 an gabatar da ƙudurori a Majalisar Wakilai don halatta wiwi na magani da na masana'antu, babu wanda ya zama doka.

Wani zai ce, to yaya jihohin Arewa suka hana giya? Bambancin shi ne giya ba ta cikin wancan jeri, lasisinta da haninta al'amarin jiha ne, kuma tun kundin Final Kod da ya fara aiki a 1960 akwai hukuncin Musulmin da ya sha ta. Wiwi kuwa an ɗauke ta an kai Abuja.

Maganar Magani

Ba daidai ba ne a ce babu magani a cikin wiwi, ba daidai ba ne kuma a ce wiwi maganin kome ce. Tun 1985 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani magani mai THC don tsai da amai ga masu ciwon daji da ake yi wa jiyya mai ƙarfi. A 2018 ta amince da Epidiolex, wanda aka tace daga CBD, don wasu nau'o'i biyu na farfaɗiyar yara masu wuyar magani. A ranar 2 ga Disamba 2020 hukumar ƙwayoyi ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta cire wiwi daga aji mafi tsanani na yarjejeniyar 1961, da ƙuri'a 27 a kan 25, kuma Nijeriya tana cikin waɗanda suka ƙi. A nahiyarmu, Lesoto ta fara ba da lasisin noma don magani a 2017, Maroko ta yi dokarta a 2021, Gana kuma ta ba da dama ga irin da THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba. A lura, duk waɗannan gwamnatocin ƙasa ne suka yi, ba larduna ba.

Amma akwai rata mai faɗi tsakanin kwalbar da aka auna, likita ya rubuta, da naɗin da ake saya a bayan tasha. Ga darasi daga Tailan ɗin da aka je koyo: ta buɗe ƙofa a 2022 da sunan magani, shaguna suka cika gari, a 2025 ta dawo ta ce sai da takardar likita. Mu ma muna da namu darasin. Kodin da taramol magunguna ne halattattu, suna da rajista, suna da ƙa'idar sayarwa. Duk da haka sai da suka zama annoba a Arewa, har Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a watan Mayu na 2018. Ƙasar da ta kasa tsare ƙofar kemis, ya kamata ta yi tunani sau biyu kafin ta buɗe ƙofar gona.

Sa'an nan mu tambayi kanmu, mai farfaɗiya a Damari me ya rasa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe matalauta wajen kashi uku cikin huɗu na masu farfaɗiya ba su samun maganin da suke bukata, alhali akwai tsofaffin magunguna masu araha da ke tsai da ciwon ga mafi yawansu. Yaron da bai sami ƙwayar naira kaɗan ba, ba rashin man wiwi mai tsada ne ya dame shi ba. Ra'ayina shi ne, in an tabbatar da ingancin wani magani da aka tace daga wiwi, a bar hukumar NAFDAC ta yi masa rajista kamar yadda take yi wa sauran magunguna masu haɗari, a ajiye shi a manyan asibitoci. Wannan ba ya bukatar a halatta busawa, ba ya kuma bukatar dokar jiha.

Abin Da Malaman Fiƙihu Suka Gani

Jihar Katsina ta koma ga shari'ar Musulunci a fannin laifuffuka a shekarar 2000, saboda haka ba za a rufe wannan magana ba sai an ji ta bakin malamai. Wiwi, wadda Larabawa ke kira hashisha, ta yaɗu a Masar da Sham ne bayan zamanin limaman mazhabobi huɗu, don haka malaman baya ne suka yi ijtihadi a kanta. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya ɗauke ta daidai da giya, ya ce a yi wa mai shan ta haddi. Shihabuddin al-Ƙarafi kuwa, babban malamin Malikiyya na Masar wanda ya rasu a 1285, a littafinsa al-Furuƙ ya kasa abubuwan da ke taɓa hankali gida uku: mai bugarwa tare da nishaɗi da jin ƙarfi, da mai ɓata hankali ba tare da wannan ba, da mai gusar da ji da gani gaba ɗaya. Ya sa hashisha a gida na biyu, ya ce hukuncin mai shan ta ta'aziri ne, watau horon da alƙali zai auna.

Duka biyu sun haɗu a kan haramcin gusar da hankali da ita. Abin da nake so mu ɗauka daga al-Ƙarafi shi ne hanyarsa: ya tsaya ya rarrabe kafin ya yanke. Ta'aziri kuwa manufarsa gyara, yana la'akari da halin mai laifi da abin da zai amfane shi. Malamin da ya rayu shekara ɗari bakwai da suka wuce ya ba alƙali sararin da dokar soja ta 1966 ta hana shi.

Abin Da Ya Rage A Hannun Jiha

Mu dawo Damari. Wannan yanki ƙasar noma ce, ta masara da dawa da auduga da waken soya, mai kai amfaninta kasuwannin Dandume da Funtuwa. Ba a san shi da noman wiwi ba, kawo masa ake yi daga nesa, tare da ƙwayoyi, ta hanyoyin da hatsi ke bi ya fita. Yankin kuma ya sha wuya. A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara. Hukumar NDLEA ta sha ba da sanarwar kama ƙwayoyin da aka nufi kai wa 'yan bindiga a daji. Ba na cewa wiwi ce ta haifi ta'addanci, domin tushensa yana cikin rikicin ƙasa da kiwo, da rashin adalci, da yawaitar makamai. Amma ƙwaya tana ƙeƙasar da zuciyar mai riƙe da bindiga, cinikinta kuma yana haɗa ɗan gari da ɗan daji.

A ɗauka saurayi ne ɗan shekara 18, an tashi ƙauyensu, gonar ubansa ba ta nomuwa, makarantarsu a rufe. Ya fara busa. Mahaifinsa yana da hanya nawa? In ya kai shi ga hukuma, shari'ar ta Babbar Kotun Tarayya ce, tafiyar sa'o'i daga gida, ƙarshenta kuma gidan yari, inda zai haɗu da waɗanda suka fi shi nisa. In ya nemi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya, sai ya nufi wurare irin su Kaduna ko Kware ta Sakkwato. Saboda haka da yawa suka riƙa kai 'ya'yansu gidajen mari. A watannin Satumba da Oktoba na 2019 'yan sanda suka buɗe irin waɗannan gidaje a Kaduna da Daura da Katsina, aka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa. An yi tir, an rufe gidajen. Amma iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugunta ce ta kai su ba, rashin wata ƙofa ce. In an rufe wannan ba a buɗe wata ba, an bar uba da ɗansa a tsakar rana.

Ga inda ikon jiha yake, kuma babu sashen tsarin mulkin da ya hana ta. Na farko, lafiya. Jiha tana da ikon ware ɗaki da ma'aikata a manyan asibitocin Funtuwa da Malumfashi da Ƙanƙara don jiyyar masu shaye-shaye, ta kuma horar da ma'aikatan ƙananan asibitocin karkara su gane alamun taɓuwar hankali da wuri. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda aka sa wa hannu a farkon 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta zamanin Turawa, ta shimfiɗa haƙƙin irin waɗannan majiyyata, saura jiha ta ɗauka ta yi aiki da ita.

Na biyu, makaranta. Korar ɗalibin da aka kama da wiwi tana tsabtace rajista, amma tana miƙa shi ga dila hannu da hannu. Ma'aikatar Ilmi tana iya kafa ƙa'idar da za ta sa a fara da kiran iyaye da jiyya, kora ta zama matakin ƙarshe.

Na uku, kasuwa da tasha. Rumfa da shago da wurin lodi duk da izinin ƙaramar hukuma suke aiki. Wanda aka tabbatar yana sayar da ƙwaya a rumfarsa, ana iya karɓe izininsa ba sai an jira Abuja ba.

Na huɗu, rundunonin da jiha ta kafa da kanta a 2023, zamanin Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa, watau Hukumar Hisba da rundunar tsaron al'umma. Waɗannan su ne suka san lungu, suka san ɗan wane ne wane. Amfaninsu yana ga su kai dila hannun NDLEA da shaida mai ƙarfi, su kai mai sha asibiti. In suka ɗauki hukunci a hannunsu, da duka ko aski ko tozartawa a bainar jama'a, sun fita daga doka, sun kuma kori yaron zuwa dajin da ake gudun ya shiga.

Na biyar, murya. Jihar Katsina tana da sanatoci uku da wakilai a Majalisar Tarayya. In akwai gyaran da ya kamata su nema, shi ne dokar tarayya ta bambanta manomi da dila da mai sha da majiyyaci, ta kuma ba alƙali ikon tura mai ƙulli ɗaya jiyya maimakon kurkuku.

Kammalawa

Mai girma Shugaba, ban zo in nemi a halatta wiwi don nishaɗi ba. Ƙasashen da suka yi haka, irin su Urugwai a 2013 da Kanada a 2018, sun yi ne suna da asibitoci, da ɗakunan gwaji, da ma'aikatan da za su hana a sayar wa yara, kuma ko a can ba a gama muhawara ba. Mu da ke fama da tsare kwalbar kodin, kowa ya san inda abin zai ƙare. Ban kuma zo in nemi ƙarin tsanani ba, domin mun gwada shi tun 1966, alƙaluman 2018 sun ba mu amsa.

Ku ɗalibai, cikinku akwai waɗanda za su zama alƙalai da likitoci da 'yan majalisa. Ku ma'aikata kuwa, a teburinku ake rubuta kasafin kuɗi. Duk ranar da aka kawo muku maganar wiwi, kafin ku shiga gardamar halattawa da haramtawa, wadda ba a hannunku take ba, ku tambaya: gado nawa aka tanada a asibitin Funtuwa don ɗan Damarin da ubansa ya kawo shi yana neman taimako? Wannan tambaya ce da Katsina za ta iya amsawa da kanta, a kasafin shekara mai zuwa.

 Allah ya shirya mana zuriya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.